Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Zangon Ƙwarƙwata

A makon jiya na tsaya inda Baba ya kai ni makarantar kwana ta 'yan mata, da akwatin ƙarfe da bokiti. Zango bai raba ba susa ta game ɗakinmu. Ana karatun dare, hannu ɗaya na riƙe da biro, ɗayan yana can ƙarƙashin ɗankwali.

Ba a sha wahalar neman mai laifi ba. Manyan ɗalibai suka ce mu 'yan ƙauye ne muka kawo ta, wai ba mu san wanka ba. Ranar Asabar aka ware mu daga layin kitso. Abin dariyar shi ne, wadda ta fi kowa tsangwamarmu, 'yar birni mai mayuka kala-kala, ita ma ta kan laɓe bayan ɗaki tana susa har fatar kanta ta yi ƙuraje.

Ranar ziyara Gwaggo ta tsefe min kai. Ga ƙwai nan manne da gashi, a bayan kunne da ƙeya.

"Wayyo 'yar nan, haka suka bar ki? Bari in samo kananzir da fiya-fiya."

Matar da ke kula da ɗakunanmu ta ji, ta matso. "Hajiya, ki yi haƙuri, ba a nan ba. Guba ce, tana ƙona fata, kananzir kuma ga fitilar ƙwai a ko'ina."

Gwaggo ta tafi tana mita, amma ta bar min mataji mai ƙananan haƙora.

Sai da na shiga makarantar koyon aikin jinya na gane yadda abin yake. Ƙwarƙwata ba ta tashi, ba ta tsalle, rarrafe kawai take yi daga gashi zuwa gashi idan kawuna sun haɗu. Mu kuwa biyu-biyu muke kwana a katifa lokacin sanyi, mu haɗa kai a kan littafi ɗaya, mu ari mataji da hijabin juna. Shi ya sa ta fi kama 'yan mata, da gidan da yara suka yi yawa. Tsabtar kai ba ta hana ta. A Amurka ma ana ƙiyasin kamuwa miliyan 6 zuwa 12 duk shekara tsakanin yara 'yan shekara 3 zuwa 11.

Abin da ya hana ta ƙarewa a ɗakinmu ƙwan ne. Yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10, kuma wanka ba ya ɓamɓare shi. Sai ka kashe manyan, bayan mako sababbi su fito. Dole a maimaita magani, a kuma duba kowa rana ɗaya. Ita kanta idan ta bar kai ba ta wuce kwana biyu a raye.

A lokacin ba wanda ya yi mana wannan bayani. Ranar Litinin, a taron safe, Shugabar makaranta ta ce an kira wanzami, kuma da ajinmu za a fara. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.