Zafin Legas da kajin ƙwai: abin da nake ƙara musu a abinci da ruwa

A shekarata ta farko da kiwon kajin ƙwai a bayan gidanmu da ke Agege, na ɗauka cewa wanda ya tashi a Katsina ya gama sanin zafi, domin a can rana takan kai digiri 40 a watan Afrilu, alhali a Legas da ƙyar take wuce 33 ko 34. Watan Maris ne ya gyara mini wannan zato. Wata rana da azahar na tarar da kajin sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, abinci yana nan a mazubi ba su taɓa ba, kuma kafin magariba na fitar da guda huɗu matattu. A makon da ya biyo baya ƙwai ya ragu, wanda aka samu ɗin ma ɓawonsa ya yi laushi har yana fashewa a kiret tun kafin ya isa hannun mai saye.

Malamin dabbobin da na kira shi ne ya bayyana mini dalili. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kuwa yana tsakanin digiri 41 da 42, kuma ta fi sakewa idan iskar da ke kewaye da ita tana tsakanin 18 da 24. Idan zafi ya haura 30, babbar hanyar da ta rage mata ita ce haki, wato ta fitar da tururin ruwa ta numfashi. A Arewa iskar bazara busasshiya ce, tana ɗauke wannan tururi nan take. A Legas kuwa iskar ta riga ta ƙoshi da laimar teku, saboda haka kazar takan yi ta haki ba tare da ta sami sanyin da take nema ba. Hakin kansa yana da tasa illar: yana fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima, sinadarin bikabonet ya ragu, shi kuwa ɓawon ƙwai da bikabonet da kalsiyam ake gina shi. Ashe laushin ɓawon da na gani da hakin da na gani abu ɗaya ne.

Daga nan na fara neman abin da zan tallafa musu da shi, kuma abin da ya faranta mini rai shi ne yawancinsa kayanmu ne na gida, waɗanda motoci suke saukewa kullum a kasuwar Mile 12. Wanda na fi amincewa da shi shi ne farin garin 'ya'yan kuka, wanda ake damawa da nono, ba kukar miya ba. Yana cikin 'ya'yan itatuwan da suka fi yawan bitamin C. Jikin kaza yana haɗa nasa bitamin C a ƙoda, shi ya sa ba a cika damuwa da shi ba a lokacin sanyi, amma idan zafi ya tsananta abin da take haɗawa ba ya isarta. Nakan jiƙa garin a ruwan sanyi da asuba, in tace shi da ƙyalle mai tsabta don kada ya toshe mashaya, in ba su da hantsi. Zoɓo ma haka nake yi masa, jiƙawa ba tafasawa ba, domin wuta tana lalata bitamin ɗin, kuma ba na barin jiƙon ya kwana ko ya zauna a bokitin ƙarfe.

Zogale shi ne na biyu, kuma shi ne ya fi ba ni aiki. Ganyensa yana da furotin da kalsiyam da sinadaran da ke kare jiki daga lahanin wahala, kuma duk wanda ya ba kajinsa zai ga gwaiduwa ta ƙara ja, abin da masu shayi da ke sayen ƙwai a wurina suka lura da shi tun kafin in faɗa musu. Sai dai busar da shi a Legas ba kamar a gida ba ne. A inuwa ake shanya shi don kada rana ta cinye amfaninsa, inuwar Legas kuwa cike take da danshi, kwana uku sun isa ya yi fumfuna. Na taɓa zubar da rabin buhu saboda haka, kuma ban yi nadama ba, domin gubar fumfuna tana lalata hantar kaza fiye da yadda zafi zai yi. Yanzu busasshe nake saye, in shinshina shi, in murza shi a tafin hannu, in ajiye a roba mai murfi. Kilo 1 zuwa 2 nake zubawa a kilo 100 na abinci. Idan ya yi yawa, ɗanɗanonsa da yawan harzarsa suna rage musu ci, alhali rashin ci shi ne matsalar da ake neman magancewa.

Citta da tafarnuwa da kurkum ina amfani da su kaɗan-kaɗan, don taimakon narkewar abinci. Tun bayan cutar da ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 farashinta ya tashi, na rage ta, kuma ban ga kajin sun nuna wani bambanci mai yawa ba. Tafarnuwa kuwa idan ta yi yawa takan iya fitowa a ƙanshin ƙwai.

Maganar kanwa ita ce take buƙatar hattara. Da na gaya wa Inna halin da ake ciki ta waya, cewa ta yi in jiƙa musu kanwa kamar yadda ake yi wa awaki, kuma shawararta tana da tushe, domin kanwa tana ɗauke da irin bikabonet ɗin da haki yake ƙararwa. Matsalar ita ce ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, ga ƙasa da gishiri a ciki. Saboda haka na koma ga hodar bekin soda ta masu gashin burodi, wadda ita ma bikabonet ce kuma ake iya aunawa, giram 2 zuwa 3 a kowane kilo na abinci, a makonnin tsananin zafi kaɗai. Idan aka zarce, kashinsu yakan yi ruwa, shimfiɗar akurki ta jiƙe, wari ya taso ya ƙara musu wahalar numfashi. Ba na haɗa ta da jiƙon zoɓo ko na kuka a mazubi ɗaya, domin tsami da soda suna kashe ƙarfin juna. Ranar da za a ba da rigakafi a ruwa kuwa, ruwa zalla suke sha.

Duk da wannan, a ganina babu garin da ya kai canjin lokacin ciyarwa amfani. Narkewar abinci tana haifar da zafi a jiki, don haka nakan ba su kaso mai tsoka bayan sallar asuba, in ɗauke mazubi daga ƙarfe 11 zuwa bayan la'asar, sannan in mayar da yamma tare da dakakken ɓawon kawa mai ƙara musu kalsiyam, tunda da dare ne jikin kaza yake gina ɓawon ƙwan gobe. Nakan yayyafa ɗan man ja a abincin, domin mai yana ba da ƙarfi ba tare da ɗumama jiki kamar masara ba. Tankin ruwa na ɗauke shi daga rana na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, na shimfiɗa ganyen kwakwa a kan rufin kwano, na cire ledar da na rufe gefen akurki da ita saboda ruwan sama, na kuma rage yawan kajin da ke kowane ɗaki.

Akwai abin da nake roƙon 'yan'uwa masu kiwo a Agege da Idi-Araba da Alaba Rago su riƙe. Haki da mutuwar farat ɗaya ba kullum zafi ne yake kawo su ba. Cutar Newcastle da murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006, su ma suna farawa da wahalar numfashi da raguwar ƙwai. Idan kaji sun ci gaba da haki bayan rana ta faɗi, ko aka ga koren kashi, ko wuya yana murɗewa, ko tukku ya yi baƙi-baƙi, to wannan ba aikin zogale ba ne, a kira likitan dabbobi a ranar, kuma kada a kai irin waɗannan kaji kasuwa. Rigakafin Newcastle ana yin sa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, ana kuma samun sa a shagunan magungunan dabbobi na Oko-Oba, kuma ni a watan Janairu nake tabbatar da cewa kajina sun karɓi nasu, kafin zafin Fabrairu ya shigo.