Daga Gujungu Zuwa Dutse: Yatsun Manoma da Taron Masu Manhaja

An gayyace ni Dutse in yi magana a wani taron masu rubuta manhajojin kwamfuta da waya, a kan sana'ar da nake ci da ita, wato yadda manhaja za ta tabbatar cewa mai son shiga asusu shi ne mai asusun. Taron ranar Asabar ne, amma tun Lahadin da ta gabace shi na bar Kano. Ƙungiyar manoman riɗi da muke haɗa wa manhajar rajista tana ƙasar Taura, ni kuma na ƙudurta ba zan hau dandamali in yi bayanin mutanen da ban zauna da su ba.

Daga tashar 'Yankaba muka bi ta Gezawa da Ringim, hantsi bai gama dubawa ba muka sauka a Gujungu, kasuwa ta fara cika. Gujungu mahaɗa ce, hanyar Gumel da ta Haɗeja da ta Dutse duk nan suke rabuwa, shi ya sa ranar Lahadi ba masaka tsinke. Buhunan gero da riɗi an jibge su sun fi tsayin mutum. Na sayi zabi biyu don in riƙe wa mai masaukina. Mai su ya faɗi kuɗi, na taya, ya ce albarka, na ƙara kaɗan ya sallama, kuma abin da na biya na biyun bai fi kuɗin guda ɗaya da rabi a Kano ba. Goro kuwa kada wanda ya saya a can. Na gode Allah da na taho da nawa daga Mariri.

A bakin kasuwar na ga abin da ya ɓata mini rai. Wani saurayi ne a ƙarƙashin laima yana buɗe wa mutane asusun wani bankin waya. Wata tsohuwa ta zo da takardar lambar NIN ɗinta a naɗe cikin leda. Ya ɗaga waya saitin fuskarta, manhajar tana son ta kifta ido ta juya kai, don a tabbatar mutum ne mai rai ba hoto ba. Abu ya ƙi. Sai ya hau ta da faɗa: "Ke tsohuwa, buɗe idonki mana! Mutane na jira." Na matsa na ce, "Ɗan'uwa, inuwar laimarka ce ta rufe fuskar Iya, fito da ita haske." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, aikinka ne ko nawa?" Amma ya fito da ita, nan take kuwa hoto ya karɓu. Yaran kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da na sani bakinsu da kaifi, sai dai ban taɓa ganin wanda ya yi wa sa'ar kakarsa tsawa a gaban jama'a ba. Kuma laifin ba na idon Iya ba ne. Tun a 2019 hukumar NIST ta Amurka ta gwada manhajojin gane fuska masu yawa, ta gano akasarinsu sun fi yin kuskure a kan fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas.

Fuska ta wuce, sai aka zo kan lambar da ake turowa ta saƙon tes. Layin da ke jikin rajistarta na ɗanta ne, shi kuma yana Legas ci-rani. Aka kira, waya a kashe. Haka ta mayar da takardarta cikin leda, ta ɗaure a bakin zane, ta tafi ba asusu, bayan saurayin ya karɓi naira 500 wai kuɗin data.

Ɗan acaɓa ne ya kai ni ƙauyen manoman, ta cikin rairayi da gonakin zoɓo da suka yi jajir. Mai Unguwa da kansa ya tare ni a ƙofar zaure. Na durƙusa na ce, "Allah ya ja da ran Mai Unguwa," ya kamo hannuna ya ce, "Tashi ɗana, nan gidanku ne." Gaisuwa ta ɗauki lokacinta: hanya, gajiya, iyali, mutanen birni, sanyin bana. Mu a Kano mun mayar da gaisuwa "ya aiki" muna tafiya, har mun manta daɗin a tambaye ka lafiyar mahaifiyarka a tsaya a ji amsa. Da dare aka kawo tuwon gero miyar kuka da man shanu, ga ɗaya daga cikin zabin da na kawo an soye shi an dawo mini da shi. Na ce, "Baba, ai naku ne." Ya ce baƙo ba ya kawo nama ya kwana bai ci ba. Ɗakin babban ɗansa aka share mini, har da sabuwar tabarma.

Washegari muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya muka fara rajista. Na'urar ɗaukar zanen yatsa layukan fatar yatsa take dubawa, ta lura da inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu, ta mayar da wuraren nan lissafi ta adana. To lokacin kaka ne, ga hunturu ya fara. Wani dattijo ya miƙo babban yatsansa na riƙe, na ji shi kamar ɓawon itace, duk ya tsage, tsakiyarsa kuma ya shafe sumul saboda fartanya da lauje da cirar zoɓo. Muka goga yatsan a goshinsa don ya sami maiƙo, muka shafa man kaɗanya, muka canza hannu, na'ura ta ce ba ta ga komai ba. Ya yi shiru, can ya ce, "Yaro, ko dai ba ni da rabo ne?" Maganar nan ta tsaya mini a rai. Mutumin da yatsunsa suka cinye wajen ciyar da mu, shi ne na'ura take cewa ba ta san shi ba. Matan da suka sha lalle ma wasunsu sai da aka yi ta fama. Indiya da ta yi wa mutane fiye da biliyan ɗaya rajistar Aadhaar ba ta tsaya kan yatsu goma ba, ta haɗa da ƙwayar ido. Mu ma a zaɓen 2023 na'urar BVAS idan yatsa ya ƙi tana komawa kan fuska. Duk manhajar da ta ba da ƙofa ɗaya tak, ta shirya korar manoma.

Sai batun suna. Mutum ɗaya, a takardar NIN Muhammad, a BVN Mohammed, a katin zaɓe Muhammadu, gari kuma Mamman suka sani. Gurbin sunan iyali da ke cikin fom, wani ya sa sunan mahaifinsa, wani na kakansa, wani na garinsu, kuma abin da ya sa a banki daban da wanda ya sa a wajen katin ɗan ƙasa. BVN ta zo a 2014, NIN kuma hukumar da ke bayar da ita an kafa ta da dokar 2007, kowacce lamba 11 ce, kowacce da rumbunta, idan harafi ɗaya ya saɓa sai kwamfuta ta ɗauka mutum biyu ne. Wata baiwar Allah na tambaye ta sunan maigidanta, ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Na tambayi sunan magajinta, ashe ɗan fari ne, shi ma ba za ta faɗa ba. Maƙwabciyarta ce ta faɗa mini duka biyun tana dariya. Wannan alkunya tarbiyya ce, kuma wanda ya tsara fom ɗin da ke tilasta mace ta ambaci sunan mijinta a gaban maza bai san gidan Bahaushe ba.

Ranar haihuwa kuwa, rabin takardun da na gani 1 ga Janairu aka rubuta. Amma kada a ce mutanen ba su san shekarunsu ba. Wani ya ce an haife shi damina biyu kafin motoci su koma hannun dama, wato kafin 1972. Wani ya ce yana goye aka canza fam zuwa naira, 1973 ke nan. Wata ta ce shekarar da aka kashe Murtala aka yaye ta, 1976. Shekara ta fito sarai, rana da wata ne babu, fom kuma ya ƙi wucewa sai an cike su, sai mai cikewa ya ƙirƙira.

Musa Ibrahim uku muka samu a unguwa ɗaya, biyu ma shekararsu guda a takarda. Manhajarmu ta ɗaga jan tuta wai rajista ce aka maimaita. Mai Unguwa ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Wannan Musa na gidan maƙera ne, wancan jikan Liman ne, na ukun shi ne wanda suka taso daga Gagarawa." Ya san wanda aka raɗa wa suna a gabansa, ya san wanda ya zo baƙo, ya san gonar kowa da iyakarta. Daga shi sai dagaci, sai hakimi, sai sarki, kuma har gobe takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma tana bi ta hannun irinsu. Idan ka danna "shiga da Google" a wani shafi, tsarin OpenID Connect da aka kammala a 2014 ke aiki: shafin bai san ka ba, amma ya yarda da wanda ya san ka. Aikin da Baba yake yi a zaurensa ke nan tun kafin a haife ni, sai dai babu manhajar da ta tanadar masa gurbi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da ke cajin waya. Rumfa ce ta langa-langa, faifan sola biyu a sama, ƙananan wayoyi masu madannai jere a kan katako kowacce da lamba a manne, naira 100 caji. Shi ne kuma mai POS na garin, kuma cajinsa na cirar kuɗi ya ɗara na Kano, ko da yake idan ka lissafa kuɗin acaɓa zuwa banki mafi kusa sai ka ga da sauƙi. Ina zaune wani magidanci ya miƙa kati ya ce, "Ciro mini dubu biyar," bai faɗi lambar sirri ba, yaron kuma bai tambaya ba. Sai ya jawo wani littafi mai bango shuɗi daga ƙarƙashin benci. Sunaye ne shafi-shafi, kowanne da NIN da BVN da lambar sirrin kati. Na ce, "Ƙanena, ka san nauyin abin da ke hannunka?" Ya ce, "Yaya, su suke kawowa. Idan ban rubuta ba mantawa suke, kati ya kulle, sai an je Ringim." Yaro ne mai amana, gari duk sun shaida. Amma littafi yana ɓata, yana jiƙewa, ana sace shi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 tana magana kan duk mai riƙe bayanan mutane, shi kuwa bai taɓa jin labarinta ba. Ban ga laifinsa ba. Mu da muka ɗora wa wanda bai yi boko ba haddar lambobi kala-kala, mu muka rubuta littafin nan.

Yaron ne ya ba ni labarin masu barin layi ya mutu. Mutum ya tafi ci-rani ko wayarsa ta lalace, watanni su wuce ba a yi amfani da layin ba, a karɓe a sayar wa wani, saƙonnin bankinsa su koma hannun baƙo. Tun da aka ce a haɗa layi da NIN a Disambar 2020, har aka toshe kiran waɗanda ba su haɗa ba a Afrilun 2022, layin waya ya zama gindin komai. A garin nan kuwa waya ɗaya gida guda take yi wa aiki.

Ranar Alhamis na leƙa kasuwar Maigatari. Raƙuma da shanu da manyan raguna daga Nijar, 'yan canji da sefa a hannu, wayata ma har ta ɗauko sabis ɗin ƙetare. Abinci ya fi na Gujungu tsada, ƙura kuma ba a magana.

Dutse tsaf take, ba hayaniya, ɗan acaɓa ba ya zagin kowa. Zauren taro ya cika da ɗalibai, da yawansu daga Jami'ar Tarayya ta Dutse, wasu daga Kazaure da Haɗeja. Waɗanda suka riga ni sun yi bayani mai kyau kan mabuɗin da ke zaune cikin waya ya maye gurbin kalmar sirri, wanda Apple da Google da Microsoft suka haɗu suka mara wa baya a 2022, bisa ƙa'idar WebAuthn ta 2019. Fasaha ce mai kyau, tana maganin masu damfarar kalmar sirri. Abin da ke damuna da tarukanmu shi ne misalan duk na mai babbar waya ne shi kaɗai, da intanet da ba ya yankewa, kuma duk da Turanci, alhali rabin zauren da Hausa suke tunani. Na yi nawa da Hausa, ina sako Turanci inda ya zama dole. Na ce su bar ranar haihuwa ta karɓi shekara kaɗai, su ba suna gurbi ɗaya mai faɗi da wani na laƙabi, su yarda layi ɗaya ya ɗauki mutum fiye da ɗaya, kada yatsa ya zama ƙofa tilo, kuma idan asusu ya kulle a iya buɗe shi da shaidar mutum biyu da mai asusun ya zaɓa tun farko. Wata ɗaliba ta tambaya, idan shaidun suka haɗa baki fa? Na ce shi ya sa za a jinkirta buɗewar, a sanar da mai asusu ta wata hanya, a kuma rubuta wanda ya yi shaidar. Minti ashirin aka ba ni, tambayoyi suka ci fiye da haka.

Na sayi dabinon Dutse a bakin hanya, ya fi wanda ake kawo mana laushi. Muka biyo ta Wudil, direba ya ƙara kuɗin mota wai dare ya yi, ba wanda ya yi musu. Masu shirya taron sun tambaye ni shawarar inda za a yi na baɗi, na ce su kwashi ɗaliban a mota su kai su Gujungu ranar Lahadi, kowa ya gwada manhajarsa a kan mutum goma kafin a ba shi makirufo.