Kabewar Ohayo da Hannun Funkaso

Kakar farko da na yi a birnin Kolombus na jihar Ohayo, abin da ya fi ɗaure mini kai kabewa ce a bakin ƙofa. Tun ƙarshen Satumba, kafin ganyen itatuwa su gama rikiɗa daga kore zuwa ja da rawaya, duk gidan da ka wuce za ka ga kabewa biyu ko uku an jera kan matakala, rana ta dake su, ruwa ya dake su, babu mai niyyar ɗora tukunya. Ni da na taso a Zariya ana aike na kasuwa sayen yankin kabewa ɗaya na miyan taushe, mai kayan miya ya ɗora wuƙa ya ƙiyasta kamar zinari yake yankawa, sai na ga wannan almubazzaranci ne a fili. Na faɗa wa maigidana haka. Ya ce in bari sai mun je Circleville kafin in yanke hukunci.

Circleville ɗan gari ne a kudu da Kolombus, tafiyar kamar minti 40 a mota. Tun 1903 suke bikin kabewa, ana farawa ranar Laraba ta uku a Oktoba a tashi Asabar. Tankin ruwan garin ma fentin kabewa aka yi masa, har da ɗan ƙututture a ka. Na ga kabewar da nauyinta ya haura fam 1,000, sai da injin ɗaga kaya ake ɗora ta kan sikeli. Na ga kuma an sa kabewa a duk abin da baki zai iya tauna, daga burodi har askirim. A can na daina cewa ba su san darajarta ba. Daga baya ma na karanta cewa asalin shukar daga wannan nahiyar take, an tono 'ya'yanta masu shekara kusan 10,000 a wani kogo a Meziko. Ashe mu ne baƙinta.

Kek ɗin kabewa da suke kira mafin kuwa, maƙwabciyarmu ce ta haɗa ni da shi, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya. Ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti lulluɓe da tawul, guda shida a ciki, da ɗuminsu. Ɗan ƙaramin kek ne da ake gasawa a faranti mai ramuka 12 kamar tandar waina, sai dai bai kai kek zaƙi ba, kuma da shayin safe ake cinsa. Ƙamshin ne ya fara kama ni: kirfa, citta, kanumfari. Na ce a raina, ai waɗannan kayan kununmu ne. Kafin maigidan ya dawo yara sun cinye huɗu.

Ban tambaye ta yadda ake yi ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. Macen da take funkaso da alkaki tun tana 'yar shekara 13, wane ɗan kek ne zai gagare ta? Na dubi ma'auni sama-sama a intanet, na jira har ranar 1 ga Nuwamba, washegarin Halowin, bikin da suke sassaƙa wa kabewa fuska don ado, lokacin da manyan kabewoyin nan suke faɗuwa warwas a kantuna. Na ɗauko wata da ƙyar na rungume ta zuwa mota, ina murna na yi ciniki.

Na fere ta, na yayyanka, na zuba a tukunya da ruwa kamar zan yi taushe. Da ta yi luguf na dama ta da muciya. Tun a nan ya kamata in farga, don naman nata fari-fari ne, duk zare, ga ruwa tsululu, na ɗanɗana ban ji komai ba. Amma na ci gaba. Na haɗa fulawa da ƙwai da mai da sukari, sannan na yi abin da hannuna ya sani: na buga. Na buga ƙullun nan har ya yi sumul, yana danƙo, yana bin ludayi in na ɗaga. A funkaso wannan ce alamar nasara.

Minti 25 a oben, suka fito da kawuna masu tsini kamar hular malafa. Na ɓara ɗaya, ciki ramuka dogaye kamar gara ta bi, ƙasa kuma danƙare, jiƙe, kamar ɗanyen tuwo. Babbar 'yata ta tauna ta tauna, ta dube ni, ta ce, "Umma, cingam kika sa?"

Da daren nan na kira mahaifiyata. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana, sai dai "ke". Na ba ta labari ina neman a lallashe ni. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ke, kabewa da sukari? Yanzu a rasa abin da za a yi da kabewa sai kek? Ba ki da gyaɗa ne ko alayyahu?" Na ce, "Hajiya, ai haka suke yi a nan." Ta ce, "To Allah ya kyauta. Ki yi wa yaran nan miya."

Washegari na ajiye girman kai, na ɗauki ɗaya daga cikin abin kunyar na tsallaka wurin dattijuwa. Ta ɓara, ta duba, ta yi dariya har da share hawaye, ta tambayi irin kabewar da na sa. Da na kwatanta mata, ta ce waɗannan don sassaƙa fuska ake nomansu, an zaɓe su ne saboda girma da faɗin ciki, ba don a ci ba. Ta ci ita ce ƙarama mai nauyi a hannu, wadda ba ta wuce kan jariri ba, ko kuma doguwar nan mai wuya da suke kira batanot. Sai ta buɗe kabad ta nuna mini gwangwani. Ita tun tana amarya da na gwangwani take yi, kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Wannan ya ɗan sosa mini rai, don a wurinmu abincin gwangwani na rago ne. Amma da na bincika na ga dalilinta. Jihar Ilinoi ce kan gaba a noman kabewa a Amurka, kuma a garin Morton kamfanin Libby's yake da masana'antar da ke cika mafi yawan gwangwanayen da ake sayarwa. Irin da suke sa a noma musu, Dickinson, ba ta da jan bayan nan na ado, fatarta ruwan ƙasa-ƙasa ce, amma namanta ja ne mai kauri, kuma dangin batanot ce ta kusa. An riga an dafa, an niƙa, an rage ruwan. Gwangwani ɗaya oza 15 ne, wato giram 425. Sai dai a karanta jikinsa da kyau, don akwai wani mai kama da shi sak wanda an riga an zuba masa sukari da kayan ƙamshi. Sau ɗaya na ɗauko shi da gaggawa, zaƙin ya yi yawa har yara suka kasa gama nasu.

Duk da haka ban saki ɗanyar kabewa ba, na dai canza mata hanya. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinta ruwa ne, ni kuwa na dafa ta cikin wani ruwan. Yanzu raba ta nake biyu, in kwashe 'ya'yan, in kifa ta kan faranti, in gasa a 400 na ma'aunin Faranhait, wato kusan 200 a Salshiyos, minti 45 ko har cokali mai yatsu ya shige ba gardama. In kankare naman, in niƙa, in zuba a rariya da ƙyallen tatar koko a ƙasa, ya kwana a firij. Ruwan da ke tsiyayewa yakan kusa cika kofi. Gashi yana fito da zaƙinta, gefen ya ɗan yi duhu yana ƙamshi kamar gasasshen dankali. In ina da lokaci ranar Asabar haka nake yi. Ranar aiki kuwa gwangwani, kuma na daina ɓoye shi a ƙasan kwandon shara.

Matsalar bugu ta fi wuyar magani, don a hannu take, ba a kai ba. Ƙullun ƙosai ana buga shi don iska ta shiga, kuma wake ba ya danƙo komai bugun da ya sha. Alkama daban ce. Da zarar fulawa ta haɗu da ruwa aka fara juyawa, wani sinadari da ke cikinta mai suna gulutin yana saƙa zare. Wannan zaren ne yake ba funkaso da burodi jan da muke so, yana riƙe iskar yis na awanni. Mafin ba ya jiran yis. Bakin soda da bakin foda ne ke tayar da shi cikin 'yan mintuna, kuma in zaren ya yi ƙarfi iskar sai ta huda hanya ta yi sama, ga ramukan gara da tsinin malafa. Dattijuwa ta tsaya a kaina ranar da muka yi tare. Busassun kaya a kwano ɗaya, masu ruwa a wani, a juye wannan kan wancan, a ɗauko daga ƙasa a kifa sama da ludayin roba. Na kai juyi na goma sha wani abu, ina ganin gudaji da ɗigon fulawa fari, hannuna yana ƙaiƙayi, ta kama tsintsiyar hannuna ta karɓe ludayin. Wallahi ji na yi kamar an ce in kai wa suruka tuwo da gudaji. Amma gudajin nan duk sun narke a wuta.

Ma'aunin da na tsaya a kai bayan kaka uku, na guda 12: fulawa giram 220, sukari fari rabin kofi, sukari mai ruwan ƙasa rabin kofi, bakin soda ƙaramin cokali ɗaya, bakin foda rabin cokali, gishiri rabin cokali, ƙwai biyu, man girki rabin kofi, madara kwatan kofi, niƙaƙƙiyar kabewa giram 340. Kofinsu mililita 240 ne, ba kofin shayin gidanmu ba. Fulawa ce kaɗai nake dagewa sai na auna a sikeli, don in ka nutsa kofi cikin buhu ka danna, za ka ɗebo fiye da yadda ake so, abin ya fito a bushe. Mai ya fi bota a nan, yana barin cikin da laushi har kwana uku. Sukari mai ruwan ƙasan kuma kada a raina shi, ɗanɗanonsa na mazarƙwaila ne, kuma ɗan tsamin da ke cikinsa shi ke tayar da bakin soda, kamar yadda kanwa ke haɗuwa da tsamin ƙullun waina.

Kayan ƙamshi ba na sayen haɗaɗɗen da suke sayarwa a 'yar kwalba, tsada kawai. Kirfa ƙaramin cokali biyu, gyaɗar ƙamshi kwatan cokali, kanumfari kwatan cokali, citta rabin cokali. Cittata busasshiya ce ta Kaciya da aka aiko mini, na daka da kaina, ta fi tasu yaji nesa ba kusa ba, shi ya sa ba na ƙarawa. Kanumfari kuwa na taɓa sakin hannu kamar ina haɗa zoɓo, maigidan ya ce bakinsa ya mutu kamar an sa masa maganin haƙori. Banila ba na sawa. Dokar Amurka ta ce ruwan banila na ainihi sai ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin 100, na ga hankalina ya fi kwanciya in bar shi, kuma da wannan kayan ƙamshin babu wanda ya taɓa lura ba ya ciki.

Wuta ita ce ta ƙarshe da na gane. In cika ramukan kusan baki, in sa a oben mai zafi sosai, 425, na minti biyar, sannan in rage zuwa 350 ba tare da na buɗe ƙofa ba, wani minti 15 zuwa 17. Zafin farkon ne ke ɗaga kan ya yi tudu mai kyau. In soka tsinken sakace a tsakiya, in ya fito da ɗan ɓurɓushi amma ba ɗanyen ƙullu, an gama. Minti biyar a farantin, sai a fitar, in ba haka ba tururi ya jiƙa gindin. Ranar farko ƙamshi ne, rana ta biyu ɗanɗano ya fi zama, sai dai saman yakan yi danshi, don haka nake shimfiɗa takardar goge hannu a ƙasan roba da samanta.

Asabar ɗin da ta wuce, bayan an mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda ake yi a nan duk kaka, magariba ta dawo kafin ƙarfe shida, na raba batanot ɗaya gida biyu. Rabi ya tafi mafin, rabi na yi taushe da gyaɗa da alayyahu don in cika umarnin Hajiya, na tuƙa tuwon shinkafa. Na kira ta ta bidiyo ina nuna mata tukunyar, tana cewa miyar ta yi ruwa, in ƙara gyaɗa. Ban ankara ba autata, 'yar shekara huɗu, ta hau kujera, ta ɗauki mafin ɗaya daga kan rariyar sanyaya, ta ɓare takardar, ta tsoma shi tsundum cikin kwanon miya kamar waina. Hajiya ta matso da fuskarta jikin wayar, ta ce, "Ke, bar ta. Juyo mini ita in ga ko za ta cinye."