Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tatsar Bariyam a Ɗakin Gwaji

Assalamu alaikum masu karatu. Makon jiya mun tsaya a lissafin allo na kwas ɗin kimiyyar sinadarai masu fitar da radiyeshon. Yau za mu shiga ɗakin gwaji, inda aka fara ba mu tushen radiyeshon na gaske mu auna rabin wa'adinsa, wato lokacin da rabin ƙwayoyin sinadari ke ɗauka kafin su rikiɗe.

Kayan aikin ɗan ƙaramin mazubi ne na roba, a cikinsa akwai siziyam-137 kimanin kilobekerel 370 (bekerel ɗaya shi ne rikiɗar ƙwaya ɗaya a sakan, kilo kuwa dubu), manne a jikin wani gari mai riƙe shi. Rabin wa'adin siziyam-137 kusan shekara 30 ne, ba mai zama ya jira shi. Amma kusan kashi 95 cikin ɗari na ƙwayoyinsa idan sun rikiɗe bariyam-137m suke zama, shi kuwa rabin wa'adinsa minti 2.55 ne, yana fitar da hasken gama, wani nau'in radiyeshon, mai ƙarfin 662 keV (keV ma'aunin ƙarfinsa ne). Masu aikin suna kiran irin wannan mazubi saniya, domin tatsarsa ake yi, kuma cikin rabin awa bariyam ya sake taruwa a ciki.

Kafin a taɓa shi sai an sa safar hannu da farar riga, an maƙala bajon auna radiyeshon a ƙirji. Ba ci, ba sha, ba tauna cingam, domin illar siziyam ta fi tsanani idan ya shiga ciki. Sannan a kunna na'urar Geiger, wadda ke ƙidaya radiyeshon da ya shiga bututunta, a riƙa ƙara wuta sannu a hankali har a kai inda ƙidaya ke daidaita ko da an ƙara wutar, a tsaya a farkon wannan shimfiɗa. Wanda ya zarce ta zai sa bututun ya yi ta tartsatsi har ya lalace. Daga nan a ƙidaya radiyeshon ɗakin na minti goma ba tare da an kawo komai kusa ba, saboda bango da ƙasa da sararin sama duk suna ba da nasu.

Ruwan tatsa gishiri ne kashi 0.9 cikin ɗari a ruwan asid na haidurokulorik mai rauni ƙwarai. A zuƙa a sirinji, a tura ta saman mazubin a hankali, ɗigo bakwai zuwa goma su sauka a ɗan faifan ƙarfe. Ruwan yana wanko bariyam ya bar siziyam. Nan take a tura faifan ƙarƙashin bututu a danna agogo, domin jinkirin minti biyar ya cinye kashi uku cikin huɗu na abin da aka tatso. A rubuta ƙidayar kowane sakan 30 har minti goma sha biyar, a cire ta ɗaki daga kowace, a ɗauki logaridim (ln), a zana a kan lokaci. Layi miƙaƙƙe zai fito, kuma idan aka raba 0.693 da gangarensa an sami rabin wa'adi.

A takarda ke nan. A zahiri mafi yawan ɗalibai sukan samu minti uku ko fiye, kuma a ganina wannan ne wajen da kwas ɗin ya fi koyarwa. Wanda bai cire ƙidayar ɗaki ba, jelar zanensa za ta kwanta, amsarsa ta yi tsawo. Wanda ya matso da faifan dab da bututu kuma, bayan kowace ƙidaya na'urar takan makance na kusan maikurosakan 100 (kashi ɗaya cikin dubu goma na sakan), don haka idan ƙidaya ta kai 1,000 a sakan, kusan kashi goma cikin ɗari sun wuce ba a gani ba. Farkon zanen ya yi ƙasa, amsa ta sake tsawo. Mafi muni shi ne wanda ya matsa sirinji da ƙarfi ko ya tura ruwan ta baya: siziyam kan biyo ruwan, sai a ga bayan rabin awa faifan bai koma daidai da ɗaki ba. Wannan faifan ya zama sharar nukiliya, ba ya shiga kwandon shara, sai a sa masa alama a miƙa wa jami'in kula da radiyeshon, a kuma goge teburi da takarda a auna ta.

Akwai kuskuren da ba na hannu ba ne. Rikiɗar ƙwayoyi ba ta da tsari, shi ya sa ƙidaya 100 ke ɗauke da rashin tabbas na 10, wato kashi goma cikin ɗari, ita kuwa 10,000 na 100 ne, kashi ɗaya kacal. Saboda haka ɗigogin ƙarshen zane ba su kai na farko nauyi ba, kuma rahoton da bai nuna wannan ba malami kan dawo da shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je Zariya, Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda riyakta NIRR-1, injin nukiliya na bincike, ke aiki tun 2004, mu ga yadda ake jefa samfurin ƙasa cikin niyutron, ƙananan ƙwayoyin da riyakta ke fitarwa, don gano ƙarafan da ke cikinsa.