Wurin Kyaftin Walker a bakin kogin Mersey

Daga tashar jirgin ƙasa ta Lime Street na gangara da ƙafa zuwa Pier Head, inda birnin Liverpool ya tuƙe da kogin Mersey. Iskar wurin ba ta da wasa, tana ratsa rigar sanyi har ƙashi. Masu yawon buɗe ido sun yi cincirindo suna ɗaukar hoton manyan gine-gine, ni kuwa mutum-mutumin tagulla na Kyaftin Frederic John Walker na zo gani, wanda aka ƙaddamar a 1998.

Yana tsaye da madubin hangen nesa, cikin kayan aiki, ya fuskanci ruwa. Na daɗe a gabansa.

A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin Jamus masu nutso sun so su kashe Ingila da yunwa, suna nutsar da jiragen dakon kaya a Tekun Atlantika. Cikin kayan har da gyaɗa da manja daga Afirka ta Yamma, cikin matuƙan har da 'yan Najeriya. Walker ne ya fi kowane kwamandan Birtaniya halaka masu nutson nan. Dabararsa ta burge ni matuƙa: jirgi ɗaya ya tsaya baya yana bin sawun abokin gaba da na'urar sauraro, yana yi wa ɗan'uwansa jagora, shi kuma ya lallaɓa sannu a hankali da tasa na'urar a kashe, sai ya kai daidai saman maƙiyi ya saki bama-bamai. Na ƙasa ba ya ankara sai aski ya zo gaban goshi. A fita ɗaya a farkon 1944, rundunarsa ta nutsar da shida.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ɗansa Timothy, wanda ya ɓace da jirginsu mai nutso a Bahar Rum a 1943. Uban bai ajiye aiki ba, ya koma teku.

Ba harsashi ne ya kashe shi ba. Jini ya toshe masa a ƙwaƙwalwa bayan gajiyar da ta yi masa katutu, ya rasu ranar 9 ga Yuli, 1944, yana da shekara 48. Aka yi masa addu'a a babban cocin birnin, jirgin Hesperus ya fita da gawar aka sa ta a teku.

Da yamma na hau jirgin ƙasa zuwa Bootle, don in ga unguwar tashar Gladstone inda jiragensa suke ɗaure kafin su fita farauta.