Shekara biyu ina zufa, teɓa na nan daram

Ƙannena masu ɗaga ƙarfe, ni ma a irin wurin da yawancinku kuka fara na fara: wani kango a unguwarmu a Kano, inda samari suka zuba siminti a gwangwanayen madara suka soka bututun ƙarfe a tsakiya, ga wasu tsofaffin ƙarafan giyar mota da wani bakanike ya bar mana. Ba wanda ya san nauyin komai, wanda ya fi kumbura ƙirji shi ne malami. Daga baya aure ya zo, shago ya zaunar da ni, na bar zuwa. Ban farga ba sai wata shekara gab da Sallah, tela ya zagaya tef a cikina, ya ɗaga kai ya ce, "Yallaɓai, wannan karon sai an ƙaro yadi." A makon na koma ƙarfe, da niyyar in sauke teɓa in kuma dawo da ƙarfina na da. Shekara biyu na ɓata kafin in gane yadda ake haɗa abubuwan nan guda biyu, kuma ba wani ne ya ɓata mini su ba, ni ne.

Wautar farko ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Na riƙa ɗaura leda a ciki, in ɗora rigar sanyi a kai, in yi gudu cikin zafin Afrilu, sannan in kwanta in yi ta tashi-zauna har ɗari biyu. In na hau sikeli na ga kilo ɗaya da rabi ya tafi, sai in ji daɗi. Ruwa ne ya fita. Da na sha ruwan leda uku, ya dawo inda yake. Zufa ba narkakken kitse ba ce, hanya ce da jiki yake sanyaya kansa. Kuma jiki ba ya cire kitse daga wurin da kake motsawa. Tashi-zauna tana ƙarfafa tsokar ciki, amma kitsen da ke samanta ba ruwansa; yana raguwa ne daga ko'ina a jiki, kuma a wurin maza da yawa na ciki shi ne yake fi taurin kai.

Babbar ɓarnar ita ce ta biyu, kuma a kanta nake so ku tsaya. Wani a wurin atisaye ya ce mini mai son rage ƙiba ƙaramin ƙarfe yake ɗauka ya yi ta maimaitawa, sau talatin, sau arba'in, wai haka ne yake "yanka" jiki. Na yarda. Na ajiye manyan faifai, wato ƙarafan da ake sa wa sanda don ƙara nauyi, na koma ƙanana. A lokaci guda kuma na shiga horar da kaina da yunwa: ba karin kumallo, da rana ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, da dare shayi ba madara. Sikeli ya yi ta sauka, mutane suna tambaya ko lafiya. Bayan wata huɗu na koma in gwada nauyin da na saba turawa a benci, ya danne ni a ƙirji sai da yara biyu suka ɗaga mini. Na tsaya gaban madubi: kafaɗa ta zube, damtse ya saki, wuya ya yi tsawo, teɓa kuwa ta ɗan ragu ne kawai. Na zama ƙaramin mutum mai tumbi.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, idan abincin da kake ci bai kai abin da jiki yake ƙonawa ba, dole ya cike giɓin daga ajiyarsa, kuma ajiyar ba kitse kaɗai ba ce, har da tsoka. Tsoka tana da tsadar riƙo. Jiki kamar ɗan kasuwa yake in ciniki ya ja baya: yaron shagon da ba shi da aiki shi ake fara sallama. Ƙarfe mai nauyi shi ne shaidar da kake ba jiki cewa wannan tsokar tana kan aiki, kada a taɓa ta. Ranar da na ajiye manyan faifai, da hannuna na sa hannu a takardar sallamarta. Kitse a kwano ake rage shi. Aikin ƙarfe shi ne ya tsare maka tsoka har ka gama ragewa.

Saboda haka da na sake shiri, na koma kan motsi biyar kacal: tsuguno da sanda a kafaɗa, wanda kuke cewa sukwat, ɗaga sanda daga ƙasa, turawa a benci, turawa sama da kai a tsaye, sai jawo nauyi zuwa ciki ko jan jiki a sandar sama. Kwana uku a mako, kowane motsi zagaye uku ko huɗu, kowane zagaye sau biyar zuwa takwas, da nauyin da na san in na ajiye, sau ɗaya ko biyu ne kawai ya rage da zan iya ƙarawa. Tsakanin zagaye ina hutawa minti biyu zuwa uku, ba tare da jin kunya ba, ko da yara suna kallon dattijo zaune yana haki. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare, ina rubuta kowane nauyi da kwanan wata. In wurinku yana da sandar gasa ta maza, kilo 20 ce ita kaɗai, ku sa ta a lissafi. In kuma siminti ne irin namu na da, ku kai shi sikelin masu sayar da hatsi a auna, ku rubuta nauyin a jiki da fenti. Wanda bai san abin da yake ɗagawa ba, ba zai san ranar da ƙarfinsa ya fara zubewa ba, kuma littafin nan ya fi sikeli gaya mini gaskiya: in nauyina yana sauka, lambobin littafi suna nan ko suna hawa, to kitse ne ke tafiya.

Game da saurin ragewa, abin da masana harkar suka fi tsayawa a kai shi ne rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin jiki a mako. Mai kilo 85 ke nan kada ya wuce wajen giram 400 zuwa 850 a mako. Na san ba daɗin ji. Kada kuma makon farko ya ruɗe ka: in ka rage tuwo da shinkafa, ajiyar sukarin da ke cikin tsoka da hanta takan ragu, kuma kowane giram nata yana riƙe da ruwa kusan giram uku, shi ya sa sikeli yake faɗuwa da sauri da farko sannan ya tsaya. Ni a nan na riƙa firgita in ƙara matsa wa kaina yunwa. Yanzu tef ɗin tela nake amfani da shi, a kan cibiya, da safe kafin in ci komai. Ma'aunin da likitoci suke bayarwa mai sauƙi ne: zagayen cikinka kada ya kai rabin tsawonka.

Sai maganar furotin, sinadarin abinci mai gina tsoka, wanda a shekarun nan biyu ban ma san ana lissafa shi ba. A 2016 masu bincike a Jami'ar McMaster da ke Kanada sun ɗauki samari 40, suka rage musu abinci da kashi 40 cikin ɗari har mako huɗu, suna atisaye mai tsanani kwana shida a mako. Rabinsu aka ba su furotin giram 1.2 a kullum a kan kowane kilo na nauyinsu, rabi kuma giram 2.4. Masu yawan furotin sun zubar da kitse kusan kilo 4.8, suka kuma ƙara tsoka sama da kilo ɗaya. Sauran sun zubar da kilo 3.5, tsokarsu ta tsaya inda take. Ba ina cewa ku kwaikwayi wannan matsin ba, mako huɗu ne kawai kuma ana sa musu ido. Amma ya nuna abin yana yiwuwa, musamman ga sabon shiga, ko mai ƙiba, ko wanda ya dawo bayan dogon hutu irina. Wanda ya shekara goma yana ɗagawa kuma jikinsa ya riga ya bushe, shi in ya riƙe ƙarfinsa kawai ya ci riba.

Abin da ake nema a kullum wajen giram 1.6 ne a kan kowane kilo, ko sama kaɗan. Ga mai kilo 85, giram 136 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, ka ga in da ƙwai kaɗai za ka cike, sai ka ci sama da ashirin, aljihu kuma ba zai ɗauka ba. Na san halin da ake ciki a kasuwa. Abin da ya taimake ni shi ne abincinmu na gida da muke rainawa: wake, awara, kindirmo ba sukari, busasshen kifi, alala, ƙuli-ƙuli, ƙwai uku da safe, nama ko kaza in an samu. Ban taɓa sayen garin furotin na gwangwani ba. Inda ɓarawon yake shi ne mai da sukari. Cokalin miya ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne ko kusa (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), ku tuna yadda ake malala shi a kan garau-garau. Awara abinci ce mai kyau, amma wadda aka tsoma a ƙwai aka sake soyawa ta sha mai har ta ƙoshi. Kwalbar lemo guda takan ɗauki sukari kusan cokalin shayi tara, ni kuwa biyu nake sha a shago kafin la'asar, ina ce wa mutane ba na cin komai. Ban daina tuwo ba, malmala biyu ce ta koma ɗaya, miya ta ƙaru, fura kuma na daina zuba mata sukari.

Akwai ranar da ba na son tunawa. Ban karya ba, ban yi barcin kirki ba, na tarar da wani yaro da bai kai shekarun ƙanina ba yana ɗaga abin da ban kai ba a lokacin. Zuciya ta ɗebe ni, na ce a bar faifan yadda suke. Ban ɗumama jiki ba, na sunkuya da baya a lanƙwashe na fizga. Wani abu ya tsarga mini a ƙugu kamar an soka allura. Mako shida ina sallah a zaune, kuma yaron ko sunana bai sani ba. Ku fara da sanda ba faifai, ku hau sannu a hankali, ku cika ciki da iska ku ɗaure shi kafin ku ɗaga, baya a miƙe. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko ƙaba ya ga likita kafin ya taɓa babban nauyi.

Barci ma na raina shi, ina kallon ƙwallo har ƙarfe ɗaya ga asuba na jira. A 2010 an yi gwaji a Jami'ar Chicago da mutum 10 masu rage abinci: lokacin da aka ba su awa takwas da rabi a gado, da lokacin da aka ba su biyar da rabi. Nauyin da suka rasa kusan ɗaya ne, amma da ƙarancin barci kitsen da ya tafi bai kai rabin na farko ba, sauran daga naman jiki ya fita. Abinci iri ɗaya, barci kawai aka taɓa.

Za a zo muku da allura da ƙwayoyi a bayan wurin atisaye. Masu kumbura tsokar nan suna taɓa hanta da zuciya, suna tayar da hawan jini, suna rage ƙwayar haihuwa, wani ma nono ya fito masa. Shayin rage ƙiba kuwa, da yawansa aikin filasko yake yi, ya kai ka bayi ya zubar maka da ruwa. Na sha shi kwana tara, ba abin da ya rage sai ruwan buta.

Da azumi ba na neman ƙara nauyin ƙarfen da nake ɗagawa, riƙewa kawai nake yi. Ina buɗe baki da dabino da ruwa da ɗan abu mai furotin, in je ƙarfe bayan asham, in rage yawan zagaye amma in bar faifan yadda suke, da sahur kuma wake ko ƙwai da kindirmo. Da ƙosai da dankali soyayye da kunu mai sukari nake cika ciki a da, shi ya sa nake fitowa daga watan da ƙarin kilo.

Wata goma sha ɗaya na ɗauka a wannan tsarin. Sikeli bai sauka kamar lokacin yunwa ba, amma a littafi na wuce duk abin da na taɓa ɗagawa ina saurayi. Da na koma wurin telan, ya auna ciki, ya auna kafaɗa, ya sake duba tsohon awon da ya rubuta a bayan littafinsa, sai ya ce yadin dai ɗaya ne, sai dai ya sauya inda zai kai shi.