Inda na kai a ƙarni na 14

'Yan uwa masu karatun tarihi don sha'awa, ga bayanin inda na kai. Na ajiye tsarin ɗaukar daula guda in bi ta daga kafuwa har rushewa, na koma ɗaukar ƙarni guda in duba abin da ke faruwa a sassan duniya a lokaci ɗaya. Ƙarni na 14 na zaɓa, wato daga 1301 zuwa 1400, kuma har yanzu ban fito daga cikinsa ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Babbar takarda ce na ja wa layuka, kowane yanki da nasa gurbin: Afirka ta Yamma, Misira da Sham, Turai, Indiya, Sin. Daga sama zuwa ƙasa kuma na raba ta shekara goma-goma. Da fensir nake rubutu, domin gyara ba ya ƙarewa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ɗan gurbin da na ƙara a gefen kowane labari, inda nake rubuta wanda ya ba da labarin da shekarar da ya rubuta shi. Wata malama mai koyar da tarihi a jami'a ce ta ba ni wannan shawara, kuma tun da na fara bin ta karatuna ya canza kama.

Hajjin Mansa Musa na Mali ne ya fara nuna mini amfanin gurbin. Ya ratsa ta Alƙahira a 1324, daidai da 724 bayan Hijira. Kowa ya san labarin zinaren da ya raba har darajar zinare ta faɗi. To amma wa ya faɗa? Al-Umari ne, wani marubucin tarihi Balarabe, kuma shi bai ga Musa da idonsa ba. Ya je Alƙahira bayan kimanin shekara 12, ya yi hira da mutanen da suka yi hulɗa da sarkin. Abin da ya rubuta shi ne, miskalin zinare da ake sayarwa dirhami 25 ya sauko bai ƙara wuce 22 ba. Faɗuwa ce ta gaske, kuma ta daɗe, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta a gajerun bidiyon intanet ba, inda za ka ji kamar tattalin arzikin Misira ne ya durƙushe gaba ɗaya. Adadin mutum 60,000 da ake cewa sun raka shi kuwa, daga Tarikh al-Sudan ya fito, littafin da aka rubuta a ƙarni na 17, fiye da shekara 300 bayan tafiyar. Ban ce ƙarya ba ne. Amma wanda ya tambayi shaidun gani da ido, da wanda ya zo bayan ƙarni uku, ba za su zauna a ma'auni ɗaya ba, kuma yanzu takardata tana nuna mini wannan bambanci da kallo ɗaya.

Haka ma labarin sarkin da Musa ya gada, wanda aka ce ya shiga tekun Atlantika da jirage 2,000 bai dawo ba. Silsilarsa gajera ce: Musa ya faɗa wa wani babban jami'i a Alƙahira, jami'in ya faɗa wa al-Umari. Duk abin da aka gina a kansa daga baya, kan wannan hirar ya tsaya. Wani abu da ya ja hankalina kuma, maroƙan Mande, wato al'ummar da ta kafa daular Mali, da ke riƙe da tarihin baka sun fi yawan ambaton Sunjata, wanda ya kafa daular a ƙarni na 13, a kan Musa. Marubutan Larabawa sun ɗaukaka wanda ya zo ƙasarsu suka gan shi, mutanen gida kuma sun ɗaukaka wanda ya kafa musu gida. Idan gefe ɗaya kawai ka saurara, rabin Mali ka sani.

Daga nan Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, ya zama mini jagora, domin shi kaɗai ya taka kusan duk guraben takardar. Ya bar Tanja a 1325, shekara guda bayan hajjin Musa, ya yi alƙalanci a Delhi, ya iso Mali a 1352 zamanin Mansa Sulaiman. Ya yaba da tsaron hanyoyin ƙasar da yadda mutane suka riƙe salla da haddar Alƙur'ani, ya kuma yi ƙorafi a kan ƙanƙantar kyautar da sarki ya aiko masa. Ina jin daɗin karanta shi sosai. Duk da haka sai da na sa alama a gurbinsa, domin ba a kan hanya ya rubuta littafin ba. Bayan ya koma gida ne ya yi wa Ibn Juzayy shifta, kuma masana sun gano cewa wasu bayanan biranen Sham da Hijaz an ɗauko su ne daga Ibn Jubayr, matafiyin da ya riga shi da fiye da shekara ɗari.

Layin 1340 zuwa 1350 shi ne ya fi cika, kuma shi ya fi taɓa mini zuciya. Annobar da Turawa ke kira Baƙar Mutuwa ta ratsa daga 1347 zuwa 1351, ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Yawancin littattafan da na fara samu a matsayin labarin Turai kawai suke ba da ita. Da na cika gurbin Misira da Sham sai na ga ashe musiba ɗaya ce ta haɗa kowa. Ibn Battuta yana Dimashƙa a 1348, ya ga mutanen garin sun yi azumin kwana uku, sannan Musulmi da Yahudawa da Kiristoci suka fita tare suna roƙon Allah ya yaye. Ibn Khaldun, masanin tarihin da aka haifa a Tunis a 1332, yana matashi annobar ta ɗauke iyayensa da malamansa da dama. Idan ka san wannan, sai ka karanta maganarsa a kan yadda dauloli ke tsufa su rushe da wani ido daban, domin mutum ne da ya ga duniyarsa ta watse a gabansa. A Ingila kuwa, ƙarancin ma'aikata ya sa ladan aiki ya tashi, hukuma ta kafa doka a 1351 don danne shi, kuma wannan takaici na daga cikin abin da ya haifar da boren talakawa na 1381.

A kan wannan annoba na fara haɗa fim da littafi. Ƙa'idata yanzu ita ce karatu tukuna, kallo daga baya. Fim yana ba ni abin da littafi ba ya bayarwa: ƙuncin lunguna, duhun ɗaki, nauyin sulke a jikin mutum. Amma idan shi ka fara gani, hotonsa ne zai zauna maka, kuma cire shi da wuya. Misali, likitan annoba mai abin rufe fuska da dogon baki irin na tsuntsu, wanda ake yawan nunawa a finafinan da ke ba da labarin 1348, ba na wannan zamani ba ne. A ƙarni na 17 wannan shiga ta bayyana. Ina kallo da littafin rubutu a hannu, duk abin da ya ba ni mamaki in rubuta shi a matsayin tambaya, in je in bincika.

Ɗaya daga cikin tambayoyin ita ce labarin Kaffa, birnin da ke gaɓar Bahar Aswad, inda aka ce a 1346 sojojin Mongol da suka yi masa ƙawanya sun riƙa harba gawarwakin masu annoba cikin gari. Na kai wa wani malamin tarihi wannan tambaya. Bai ce mini gaskiya ne ko ƙarya ba. Sai ya tambaye ni ina mai ba da labarin yake lokacin da abin ya faru. Gabriele de' Mussi ne, kuma yana garinsu Piacenza a Italiya, bai je Kaffa ba. Malamin ya kuma nuna mini cewa yanzu ba takarda kaɗai ke ba da shaida ba. A 2011 an fitar da ƙwayoyin halittar cutar daga haƙoran mutanen da aka binne a Landan, a 2022 kuma aka same ta a kaburbura kusa da tafkin Issyk-Kul a Kirgizistan, masu ɗauke da shekarun 1338 da 1339. Ashe labarin da ya kai kusan shekara 700 har yanzu ana ƙara masa shafi.

Ga masu shirin zama da malaman tarihi, ku je da tambaya ɗaya ƙarama wadda kuka riga kuka yi karatu a kanta. Idan ka ce wa malami ya ba ka tarihin Mali, abin da ke cikin littafin farko zai maimaita maka, ka ɓata masa lokaci ka ɓata naka. Idan kuwa ka tambaye shi dalilin da ya sa marubuta biyu suka saɓa a kan abu guda, nan za ka ga yadda yake tunani, kuma wannan shi ne abin koyo. Ina kuma tambayarsu wane ra'ayi ne aka koyar da su suna ɗalibai wanda yanzu aka bari.

Ku lura da lissafin shekara ma. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka shekara ɗaya ta Hijira takan faɗo cikin biyu na Miladiyya. Wannan ne ya sa wani lokaci littattafai biyu kan bambanta da shekara guda alhali duka daidai suke.

Gurbin Sin na cika shi da sauri: Mongol suna mulki har 1368, sannan daular Ming ta karɓa. Zan dawo masa. Yanzu Indiya na nufa, zamanin Sultan Muhammad bin Tughluq, 1325 zuwa 1351, wanda ya tura manyan Delhi zuwa Daulatabad, sabon babban birninsa a kudu, ya kuma buga kuɗin tagulla ya ce a karɓe su a darajar azurfa, har jabu suka cika kasuwa ya janye su. Mutum biyu da suka zauna a fadarsa sun rubuta labarinsa, Ibn Battuta baƙo da Barani ɗan gida. Zan jera maganganunsu gefe da gefe, kuma wanda duk ya riga ni karanta Barani ina so mu haɗa kai a kan batun ƙaurar Daulatabad.